Aikin kula da ɗalibai baƙar fata a jami'ar Amurka

Malama, kin tambaya ko digirin jin daɗin jama'a zai iya kai ki ga wannan aiki. Ƙwarai kuwa. Da shi Whitney Young, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, ya shugabanci tsangayar fannin a Jami'ar Atlanta a 1954.

Ki fara daga ofishin ba ɗalibai shawara. Nan za ki ga yaron da bashin kuɗin makaranta ya hana shi rajista, da yarinyar da ke aikin dare ta shigo aji tana gyangyaɗi. Tausayi kaɗai ba ya warware wannan, sai kin san hanyoyin tallafin karatu ciki da waje.

Ki duba dokar jiha ma, don jihar Texas ta rufe ofisoshin daidaito tsakanin launin fata da jinsi (DEI) a jami'o'in gwamnati tun 2024. Ɗalibi mai tsananin damuwa kuwa, ki haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa.