Maigidana na feshin maganin ciyawa, ni kuma ina da juna biyu

Tambaya: Anti, cikina wata huɗu. Maigidana yana feshin maganin ciyawa, ni ke wanke kayansa. Akwai haɗari?

Amsa: Ƙanwata, ki bar masa wankin nan. Ya sa safar hannu, ya wanke su a bokiti daban, domin maganin na ratsa fata. Ki duba sunan da ke jikin galan ɗin maganin. In paraquat ne, kurɓa ɗaya na iya lalata huhu, kuma ba shi da makari. Atrazine kuwa, Tarayyar Turai ta hana shi a 2004 saboda gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa, gwaji a kan dabbobi kuma ya nuna yana taɓa sinadaran haihuwa. Galan ɗin ma, komai wankin da ya sha, kada a zuba masa ruwan sha.