Mai shago ya ce akwai bairos a zip ɗin da na tura wa malamina

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a Jami'ar Ahmadu Bello. Yayana ya ba ni tsohuwar MacBook ɗinsa don in rubuta furojet. Na haɗa babi huɗu da hotuna na matse su a zip na tura wa malamin da ke duba aikina, sai ya ce ya ga wata folda mai suna __MACOSX, da fayilolin da ba sa buɗewa. Wani mai shagon buga takardu ya ce bairos ne, in sayi manhajar kashe shi a wurinsa. In saya, ko in sayar da kwamfutar in koma Windows? Daga wata ɗaliba, Samaru.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, riƙe kuɗinki, kuma kada ki rabu da kwamfutar. Babu bairos a nan.

Duk lokacin da kika danna Compress a Mac, kwamfutar na ƙara wasu bayanai nata na kanta, kamar alamar launi da kika sa wa fayil ko bayanin inda aka sauko da shi. Tana zuba su a foldar __MACOSX, kowanne da sunan fayil ɗinki amma da ɗigo da layin ƙasa a gaba, misali ._Babi1.docx. Wannan ne malaminki ya danna, Word ya ce ya lalace, domin babu rubutu a cikinsa. Babinki na gaskiya yana ɗaya foldar lafiya lau. Akwai kuma .DS_Store, wanda ke tuna yadda kika jera abubuwa a folda. Mac na ɓoye duk sunan da ya fara da ɗigo, Windows kuwa ba ruwanta da wannan ƙa'ida, sai ta baje komai a fili.

Duk da haka ki share su. Ba na so malami mai tarin ɗalibai ya zaci aikinki ya lalace ya ajiye shi gefe. Sannan .DS_Store yakan riƙe sunayen fayilolin da ke foldar, har wasu da kika riga kika cire.

Ki buɗe Terminal, wato manhajar Mac da ake rubuta wa kwamfuta umarni a cikinta, ki rubuta zip -d ki bar fili, ki jawo zip ɗin ki saka a tagar, sannan ki ƙara "__MACOSX/*" "*.DS_Store" ki danna Enter. Shi ke nan. Idan Terminal na ba ki tsoro, manhajar Keka kyauta ce a shafin masu ita, a App Store ne ake biya, kuma tana da zaɓin barin waɗannan tarkacen tun wajen matsewa. Malaminki ma zai iya buɗe zip ɗin da 7-Zip, shi ma kyauta, ya goge foldar.

Ban zargi mai shagon da mugunta ba. Bairos ɗin da ya addabi shagunan buga takardu daga Samaru zuwa Kongo shi ne mai ɓoye foldojin filas ya bar gajerun hanyoyi, wato shortcut, masu ƙaramar kibiya a madadinsu. In kin ga wannan, to a nan ne za ki damu.

Tambaya: Ina ɗaukar hotunan biki a Tudun Wada, da Windows nake aiki. Abokan ciniki na ganin Thumbs.db a cikin abin da na tura. In sayi sabuwar manhaja?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Thumbs.db ajiyar ƙananan hotuna ce da Windows ke yi don folda ta buɗe da sauri, desktop.ini kuma na riƙe kamannin folda. Amma kai naka ya fi na ɗalibar nauyi, saboda Thumbs.db zai iya riƙe ƙaramin hoton da ka riga ka goge, kuma hotunan matan mutane amana ce a hannunka. Ka kunna nuna ɓoyayyun fayiloli har da na tsarin Windows, ka goge shi. Abin da ya fi sauƙi, ka buɗe sabuwar folda ga kowane biki, ka kwafi hotunan da aka zaɓa kaɗai, sannan ka matse.