Tambaya da Amsa: Ina son in ƙware a tarihin Turai na dauri, mahaifina ya ce na Kano bai ƙare ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a sashen tarihi na Jami'ar Jos. Tun da aka koyar da mu yadda daular Rum ta yamma ta rushe, da irin sarautun da suka taso a kan kufanta, zuciyata ta karkata ga wannan zamani, har ina burin in zurfafa a cikinsa in zama malamar jami'a. Mahaifina ya ce ai tarihin Kano da na Borno ba a gama rubuta su ba, balle in tafi tonon na Turawa. Ina roƙon Malam ya bayyana mini yadda masanan wannan fanni suke hawa matakan aikinsu, da kuma ko ɗan Nijeriya yana da wurin zama a cikinsu.
Ɗaliba, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Zamanin da ya ja hankalinki shi ne wanda masana suke ƙirgawa daga wajen shekarar 500 zuwa 1000 miladiyya, wato daga bayan tuɓe sarkin Rum na ƙarshe a yamma a 476, har zuwa lokacin da Faransa da Jamus da Ingila suka fara ɗaukar kamannin da aka san su da shi. Abin da ya bambanta shi da sauran zamunan tarihin Turai shi ne ƙarancin takardu, kuma wannan ƙarancin ne yake tsara rayuwar duk wanda ya zaɓe shi. Mai binciken yaƙin duniya na biyu takardu ne suke neman binne shi, amma mai binciken ƙarni na bakwai yana iya kwashe shekara guda a kan wasu 'yan takardun cinikin gona da wasiyyar wani limamin coci, yana juya kowace kalma yadda mai tsintar hatsi take juya ƙaiƙayi.

Saboda haka matakin farko harshe ne. Kusan duk abin da aka rubuta a yammacin Turai a wancan lokaci da Latinanci aka rubuta shi, kuma sau da yawa Latinanci ne na magatakardan karkara wanda nahawunsa ya karkace, domin bakinsu ya riga ya fara komawa abin da daga baya ya zama Faransanci da Italiyanci. Bayan shi akwai Jamusanci da Faransanci, waɗanda ake buƙata domin karanta ayyukan masana. Jamusawa sun kafa cibiyar da ake kira Monumenta Germaniae Historica tun 1819 domin tattara tsoffin matani da tace su, kuma har yau bugunta ne ake kafa hujja da shi. Wanda ya tsaya ga Ingilishi kaɗai yana iya koyar da darasin, sai dai ba zai kawo wani sabon abu a cikinsa ba.

Mataki na biyu shi ne koyon karanta rubutun hannu, kuma a nan ina ganin ɗan ƙasar Hausa zai fi saurin ganewa. Kin san yadda tsohon alaramma yake duban warƙa guda ya ce wannan hannun Barno ne, wancan kuma na Kano ne. To, haka masanin Turai yake duban fatar maraƙi ko ta tunkiya da aka jeme aka yi rubutu a kanta, ya faɗi ƙarnin da aka rubuta ta, wani lokaci har da gidan ibadar da ta fito. Masaniyar tarihi Rosamond McKitterick, wadda ta yi digirinta na farko a yammacin Ostiraliya, sai da ta katse zamanta na Cambridge ta tafi Munich ta zauna gaban Bernhard Bischoff, wanda ya fi kowa sanin hannun marubutan zamanin Sharlaman, sarkin da ya mulki yawancin yammacin Turai a wajen shekarar 800. Ta kammala digirin digirgir a 1976, ba ta hau kujerar farfesan tarihin tsakiyar zamani ta Cambridge ba sai a 1999.

Ki lura da tazarar shekarun nan, domin ita ce amsar rabin tambayarki. Masanin tarihi ɗan Ingila, Chris Wickham, wanda aka haifa a 1950, ya yi karatunsa a Oxford, kundin digirinsa na uku kuma a kan yankin Tuskani na Italiya ne a ƙarni na takwas, inda tsoffin takardun gonaki na birnin Lucca suka tsira. Ya kama aikin koyarwa a Birmingham a 1977, ya zauna a can har 2005, shekarar da ya fitar da babban littafinsa mai shafuka kusan dubu wanda ya kwatanta ƙasashe daga Danmak har Masar tsakanin 400 da 800, kuma a shekarar ce Oxford ta kira shi ya riƙe kujerar farfesa, ya riƙe ta zuwa 2016. Abin da na fi so ki gani shi ne ya fara da ƙaramin yanki guda ya san shi ciki da bai, sa'annan ya faɗaɗa. Kuma babban ɓangare na hujjarsa daga tsingaron tukwane ya fito, domin inda takarda ta yi shiru, fasassun tulunan man zaitun da masu haƙar kayan tarihi suka tono su ne suke nuna inda fatauci ya ci gaba da inda ya mutu.

Ba zan ɓoye miki ba, guraben aikin kaɗan ne ko a Turai. Matashin da ya gama digirin digirgir yakan yi shekaru yana yawo daga kwantiragin shekara biyu zuwa na uku, yana buga maƙaloli a mujallun masana, yana mayar da kundinsa littafi, kafin ya sami kujera ta dindindin, wasu kuma ba sa samu har su sauya sana'a. A gida kuwa, tun zamanin Kenneth Dike a Ibadan da Abdullahi Smith a Zariya, sassan tarihi na jami'o'inmu sun ba tarihin Afirka fifiko, kuma daidai suka yi, domin suna mayar da martani ne ga masu cewa ba mu da tarihi. Idan kika dawo, tarihin Turai gaba ɗaya za a ba ki ki koyar, kuma hawa daga ƙaramar lakcara zuwa farfesa zai dogara ne ga yawan abin da kika wallafa, alhali kayan bincikenki suna wata nahiya. Abin da ya sauƙaƙa shi ne manyan ɗakunan karatu sun ɗauki hotunan rubuce-rubucensu da yawa sun saka a intanet kyauta.

Amma akwai ƙofar da nake ganin ta fi buɗewa ga irinki, idan har kin yi Islamiyya kin riƙe Larabci. Masanin nan ɗan Beljiyam, Henri Pirenne, a littafinsa da aka buga a 1937 bayan rasuwarsa da shekara biyu, ya yi da'awar cewa duniyar Rum ba ta ƙare da shigowar ƙabilun Jamusawa ba, sai da Musulunci ya mamaye kudanci da gabashin Bahar Rum, sa'annan Turai ta juya fuskarta arewa. Masu haƙar kayan tarihi sun nuna daga baya cewa fataucin tekun ya riga ya yi rauni tun kafin ƙarni na bakwai, amma muhawarar da ya tayar ba ta kwanta ba, kuma ba a iya shigarta sosai sai da Larabci. Halifa Haruna Rashid ya aika wa Sharlaman giwa mai suna Abul Abbas, ta isa fadarsa da ke Aachen, a ƙasar Jamus ta yau, a 802, shekara biyu bayan Fafaroma ya naɗa Sharlaman sarkin sarakuna a birnin Rum. Sarki Offa na masarautar Mercia a Ingila ya sa an buga dinaren zinariya da aka kwaikwaya daga na Abbasawa, da kalmar shahada da shekarar 157 ta hijira a jikinsa, sunan sarkin kuma a juye yake a tsakiyar Larabcin, abin da ke nuna maƙerin bai san me yake kwafa ba. A tsibirin Gotland na Suwidin, a 1999, an tono taskar azurfa mai tsabar kuɗi fiye da 14,000, mafi yawansu dirhamomin ƙasashen Musulmi. Bayanin da ya fi kowanne fito da jana'izar wani shugaban mutanen Rus, wasu fatake daga arewacin Turai, kuwa Ibn Fadlan ne ya rubuta shi, bayan tafiyarsa daga Bagadaza zuwa kogin Volga a 922. Masu Latinanci a fannin suna da yawa, masu haɗa shi da Larabci ƙalilan ne.

Game da maganar Baba, Allah ya ƙara masa lafiya, ba ta faɗi ƙasa ba, kuma kada ki yi jayayya da shi. Ki dai nuna masa cewa sana'ar guda ce. Littafin Tarihin Kano ya fara jerin sarakuna ne da Bagauda, wanda lissafin Palmer, Baturen da ya fassara littafin zuwa Ingilishi, ya sa farkon sarautarsa a 999, kuma tambayoyin da ake yi wa littafin, wato wa ya rubuta, a fadar wa, shekara nawa bayan aukuwar abin, me ya ɓoye, su ne ake yi wa tarihin shekara-shekara da aka rubuta a fadar Sharlaman. A sashenku ma an taɓa samun wadda ta bi hanyar ta wancan gefe, domin Farfesa Elizabeth Isichei, 'yar asalin New Zealand, ta fara ne da nazarin yadda marubutan Kirista na farko suka kalli daular Rum, daga baya ta rubuta tarihin Ibo, ta kuma jagoranci binciken tarihin al'ummomin Filato a nan Jos.

Shawarata ita ce ki yi kundin kammala digirinki a kan abin da hannunki zai iya taɓawa, kamar rubuce-rubucen Larabci da ke ajiye a gidan adana kayan tarihi na Jos, domin wanda zai ba ki tallafin karatu a waje yana son ya ga kin taɓa zama da tsohuwar takarda. Shekarar bautar ƙasa kuma ki ba Latinanci awa guda kowace safiya. Idan bayan wata shida kina iya karanta shafi guda na tarihin Sharlaman da bafadensa Einhard ya rubuta, ko da ƙamus a gefenki, ki sake rubuto mini mu yi maganar digiri na biyu da inda ya kamata ki nema.