Kafin ka mayar da littafin nan fim, karanta wannan

Jiya muna tattara kaya a lokeshan ka tambaye ni wai me yasa finafinan soyayya na zamanin da waɗanda ake cirowa daga littafi suke da daɗin kallo, amma wanda ya karanta littafin sai yaji kamar an rage masa mudu, kuma kace kaima akwai littafin da kake son rubuta wa sikirif, wato rubutaccen labarin da ake bi a ɗauki fim. Hayaniya ta hana ni baka amsa, toh gata nan ka karanta a nutse.

Yaro, daɗin irin fim ɗin nan daga shamaki yake fitowa. A zamanin da saurayi da budurwa basa haɗuwa yadda suka ga dama, babu waya, wasiƙa ɗaya sai tayi kwanaki a hanya, ga idon iyaye ga bakin mutane, shi yasa kallo ɗaya tak yake zama babban al'amari. Ɗauki littafin Pride and Prejudice na Jane Austen da ya fito a Ingila a 1813, tunda shi nake koyar da ku dashi. Mutum ne da 'ya'ya mata biyar babu namiji, kuma sharaɗin gadon gidan yace ranar da ya faɗi ya mutu gida da gonaki na wani ɗan uwansa namiji ne, kaga uwar yaran da ake ta yiwa dariya wai ta fiya neman wa 'ya'yanta miji, baiwar Allah tsoron zama ba matsuguni take. A fim ɗin littafin da aka yi a 2005 akwai inda saurayin labarin ya kama hannun yarinyar, ɗaya daga cikin 'ya'yan nan biyar, ya taimaka mata ta hau keken doki, ya juya ya tafi baice uffan ba, sai kamara ta bi hannunsa kawai yana buɗe yatsu kamar wanda ya taɓa garwashi. Wannan babu shi a littafin, amma wallahi ya faɗi abin da shafi biyu zasu faɗa. Irin wurin nan ne fim yake kayar da littafi.

Inda littafi yake ramawa kuma shine zuci. Marubuci zai shiga ran yarinya ya zauna ya gaya maka duk abin da take saƙawa, ita kuwa kamara fuska kawai take gani. Ga kuma lissafin da na sha gaya maka, shafi ɗaya na sikirif kusan minti ɗaya ne a allo, fim ɗin awa biyu shafi 120 kenan, littafin kuwa ya haura 300, dole ka yanka. BBC da suka yi nasu a 1995 kashi 6 suka raba shi sai labarin ya samu wurin numfashi, na 2005 awa biyu ne da 'yan mintuna, dole aka zubar da wasu mutane aka takure wasu. Ka duba wasiƙar da saurayin ya rubuta mata, wadda itace ta juya labarin gaba ɗaya, a littafi sai da ta karanta ta sake karantawa tana musu da kanta har kunya ta kama ta, babi guda aka ɓata a kai, a fim kuwa murya ce take karantowa na 'yan mintuna shikenan wai ta sauya ra'ayi. Mai kallo sai yaga kamar kyan gidan saurayin ne ya sauya ta.

Kuskuren da nafi jin tsoro dai ni na taɓa yinsa da hannuna. Wani aiki ne na labarin zamanin kakanninmu, muka kashe kuɗi kan saƙi da ƙwarya da tukwanen ƙasa, muka yi ta kauce wa rufin kwano da wayar wuta, har butar roba sai da na cire da kaina daga bayan jaruma, amma sai na rubuta mata magana tana kallon tsabar idon mahaifinta tana ce masa ita wane take so. Wata tsohuwa da muka ari tsakar gidanta tana zaune tana tsinke zogale ta ɗago tace, 'yar wa ce wannan mara kunya? Macen da ko sunan mijinta bata faɗa, ɗan farinta ma kara take masa, ita ce zata yi haka? Na sa mata kayan da, na bar mata bakin 'yan yanzu, kuma da na cire kunyar nan babu sauran abin da ya hana su aure, labarin ya mutu tun minti 20.

Don haka gobe kazo min da littafin naka da jan biro. Duk inda marubuciyar tace "a ranta" ko "a zuciyarsa" ka ja layi, mu ƙirga su, kowanne sai ka nemo min abin da hannu ko ido ko ƙafa zai yi a madadinsa. Kar ka taɓa kwamfuta sai mun gama wannan.