Ina son karanta zane a jami'a, ta ina zan fara?

Tambaya: Malam, ina aji biyu na babbar sakandare. Tun ina firamare nake zane, yanzu kuma ina haɗa fosta a waya. Makarantarmu ba ta da malamin zane, Baba kuma ya ce ba a cin abinci da wannan karatu. Me zan yi?

Amsa: Ƙanena, fara da sanin cewa kwas biyu ne ake yawan rikita su. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai sashen da a takardar JAMB ake rubuta shi Fine Arts, inda ake koyon zane da fenti da sassaƙa da tarihin fasaha. Akwai kuma Industrial Design, inda ake koyon zayyanar talla da bugu, da zayyanar yadi, da ginin tangaran. Mai haɗa fosta irinka ya fi kusa da na biyun. Ka tsai da shawara tun yanzu, domin darussan da za ka zauna wa a WAEC da JAMB sun dogara da zaɓin nan. Ana neman kiredit biyar har da Turanci, sauran kuwa kowace jami'a da sharaɗinta, kuma ɓangaren tangaran kan so mai ilimin kimiyya, musamman kemistiri. Ka buɗe kundin kwasa-kwasan JAMB na shekarar da za ka rubuta ka karanta da idonka. Kada ka bar mai shagon intanet ya zaɓa maka.

Rashin malami ba ya rufe ƙofa. In jami'a ba ta samu kai tsaye ba, a yi difloma a kwalejin kimiyya da fasaha ko NCE a kwalejin ilimi, daga nan a shiga aji biyu.

Abin da na fi so ka ji shi ne wannan: waya ba za ta koya maka gani ba. Manhajar da kake amfani da ita ta riga ta jera maka komai, kai dai canza suna da launi kake yi. A ajin farko na jami'a kuwa za a ajiye abu a gabanka a ce zana. Saboda haka ka sayi littafin zane da fensir 2B da 4B, ka ɗora butar alwala a kan tabarma kusa da taga. Duba inda haske ya sauka a cikinta, da yadda inuwar hannunta ta kwanta, da yadda bakinta da kake zaton da'ira ne ya koma kamar ƙwai idan ka kalle shi daga gefe. Zana ta yau, gobe juya ta ka sake. Daga nan takalmi, kwano, hannunka na hagu, zauren gidanku. Ka rubuta kwanan wata a kowane shafi, kada ka yage wanda ya lalace. Kwafar hoton wani daga waya kuwa, a ganina, ɓata fensir ne.

Wani abu da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba: a shekarun farko ana zana mutum a zaune, ana kuma taɓa sassaƙa. In kana da damuwa ta addini a kan zanen mai rai, ka tattauna da malaminka na addini da iyayenka tun kafin ka cike fom, ba sai ka shiga ba. Ka kuma tanadi kuɗin kayan aiki, don takarda da fenti da yumɓu suna cin aljihu kowane zango.

Batun Baba, kada ka yi musu da shi. Ɗauko takardar naira 20 ka nuna masa bayanta: Ladi Kwali ce, maginiyar tukwane da ta shiga cibiyar koyon tangaran ta Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. Fitattun masu zane irin su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya ma a Zariya suka yi karatu, suna cikin ƙungiyar ɗalibai masu zane da aka kafa a 1958. Amma gaskiya kaɗan ne ke rayuwa da sayar da zane kaɗai. Yawanci suna aiki ne a maɗaba'a, da kamfanonin talla, da gidajen talabijin, da zayyanar kwalin kaya da shafukan intanet, ko koyarwa. In hutu ya zo, nemi izininsa ka je wata maɗaba'a a garinku ka yi wata guda kana kallon yadda ake raba launi kafin a buga.