Amsar Kawu kan Yaron da Ya Bugu Ya Hau Moto

Ɗana, saƙonka ya iso, kowa na gida lafiya. Ka tambaye ni me ya sa yaron ƙauyenmu da ya sha ya bugu, ya hau moto ya banke tsohuwa, maganarsa ta mutu a ƙofar mai gari, alhali abokinka da ya yi irin wannan a unguwar Zariya ta Maradi sai da ya kwana a komisariya. Kana so ka ji wanne ne daidai.

A ƙauye, tambayar farko ita ce ɗan gidan wa ne. Daga Madarunfa har Gidan Runji haka abin yake. Laifin yaro na gidansu ne, shi ya sa uba ke cire hula ya durƙusa gaban mai gari da liman, kawunnai na bayansa. Yaron kuwa ya sha bulala a gida, a hana shi zaman fada. Babban hukuncin yana can gaba, ranar da ya je neman aure aka ce ai mashayi ne, aka maido da goronsa. Wannan ya fi kwana a kaso ciwo. Da muna yara ana cewa ɗa na kowa ne, duk dattijon da ya gan ka cikin shashanci zai tsawata maka, ubanka kuma ya je ya yi masa godiya.

Maradi ba ta da wannan idon yanzu. Gari ya faɗaɗa, maƙwabci bai san maƙwabci ba, wanda ya taɓa ɗan wani sai ya tsinci kansa gaban 'yan sanda. Don haka takarda ce ke magana: ina permi, ina takardun moto, ina asiransi? Kada dai ka ɗauka mutanen birni sun fi sassauci a kan giya. A 2000, da aka kafa shari'a a Zamfara da Katsina, mashaya suka riƙa tsallako iyaka zuwa wajenmu. A watan Nuwamban shekarar, lokacin boren ƙin FIMA, wato bikin nuna tufafin zamani na Afirka, an ƙona gidajen giya a cikin Maradi. Sai dai mun fi jin haushin kwalba a kan ƙwaya. Yaran yanzu da yawa ba giya ke bugar da su ba, tramol ne da sholisho, ga shi tramol ba ya wari a baki. Ɗan kabu-kabu ya haɗiya ya ɗauki mace da goyo, ba wanda ya ce uffan.

Abin da ke damuna a hukuncin ƙauye shi ne kalmar nan ta "mun yafe, ƙaddara ce". Yafiya haƙƙin wanda aka cuta ne, addini ma shi ya bai wa zaɓi. Amma idan yaron ɗan mai hali ne, tsohuwar kuma ba ta da kowa, manya kan taru a kanta har kunya ta sa ta yafe, ta koma ɗaki da karaya, kuɗin maganin ma ita za ta nema. Ana kiran wannan rufin asiri, amma asirin wa aka rufa? Da yarinya ce aka gani tana maye, ba mai rufa mata, har ƙannenta sai maganar ta bi su.

Birni ma bai tsira ba. Ɗan alhaji kan fito kafin magariba, ɗan talaka ya daɗe a ciki.

Ni dai da za a tambaye ni, uban zan fara kira. Yaron da bai kai 18 ba, ba shi da permin tuƙin mota, moto ɗin ma wani ne ya saya ya miƙa masa makulli don a ce ɗansa ya waye. Ka gaya wa babanka, idan an sake zama gaban mai gari, a fara lissafa kuɗin asibiti da na mai ɗori, a ɗora wa gidan yaron, a kuma tambayi tsohuwar ita kaɗai, ba a gaban taro ba. In ta ce a kai wa jandarma, a kai.