Amsoshin Tambayoyinku: Karatun Kafinta da Ginin Gidaje a Kwalejin Amurka

Tambaya: Na yi shekara shida ina aikin kafinta a Maradi kafin in zo Oakland a jihar Kalifoniya, inda nake tuƙin kai saƙo. Shin in shiga kwalejin shekara biyu in karanci kafinta da ginin gidaje, ko kuwa ɓata lokaci ne ga wanda ya riga ya iya riƙe zarto?

Amsa: Ɗan'uwa, shawarata ita ce ka shiga, domin hannunka ya iya aiki, amma gidan da za ka gina a nan ba irin wanda ka sani ba ne. A gida birkila ne ke tada bango da bulo da siminti, kafinta ya zo daga baya ya yi rufi da silin da ƙofofi. A Amurka kuwa yawancin gidajen zama da katako ake tada su, kafinta ne kuma ke kafa ƙashin gidan tun daga daɓe har rufi.

Abin da zai fara ba ka wuya shi ne awo. Da inci da ƙafa ake aiki, kuma katakon da ake kira biyu-da-huɗu, idan ka ɗora masa tef, inci ɗaya da rabi ne da uku da rabi. Ana jera ginshiƙan bango da tazarar inci 16 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, domin falankin da ake rufe bangon da shi ƙafa 4 ne da ƙafa 8, kuma dole bakinsa ya sauka daidai a kan ginshiƙi. Wanda ya kuskure rabin inci a farkon bango, sai ya isa ƙarshensa zai ga kusarsa tana shiga iska. Ga karanta zanen gini, ga dokokin gini, waɗanda a Kalifoniya suke da tsauri saboda girgizar ƙasa. Waɗannan su ne abin da za ka je nema a aji.

Kwalejin Laney da ke garinku tana da sashen kafinta. Mazaunin jihar yana biyan dala 46 a kan kowane kiredit, wato ma'aunin da ake ƙirga yawan darussa da shi, digirin shekara biyu kuma kiredit 60 ne, wato dala 2,760 ban da littattafai da kayan aiki. Sai dai ka tabbatar an lissafa ka a matsayin mazauni, wanda ke buƙatar zaman shekara guda a jihar, domin kuɗin baƙo ya ninka wannan sau da yawa. Idan kana da katin zama na dindindin, cike takardar neman tallafin karatu ta FAFSA ka nemi tallafin Pell na gwamnatin tarayya. Ni dai na fi son ka fara da gajeren kwas na satifiket, tunda kana da iyali da aiki a wuyanka, sannan ka nemi gurbin koyon sana'a a ƙungiyar kafintoci, inda ake shafe kimanin shekara huɗu ana biyanka kana koyo.

Tambaya: Ɗana zai fara wannan karatu, kuma na ga an karya farashin injinan aiki. In saya masa tun yanzu?

Amsa: Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma ki dakata har malamansa su ba da jerin abin da ake buƙata, saboda manyan injina galibi akwai su a ɗakin aikin makaranta. Abin da zai riƙe kullum ƙanana ne: tef mai ƙafa 25, da guduma, da sukwaya, da igiyar alli, da jakar ɗamara. Inda nake roƙonki kada ki yi tsimi shi ne takalmi mai ƙarfe a baki, da tabarau na kariya, da abin toshe kunne, domin ido da yatsa ba su da madadi. Idan lokacin sayen inji ya yi, ya zaɓi kamfani ɗaya ya tsaya a kansa, ko DeWalt ko Makita ko Milwaukee, saboda batirin wannan ba ya shiga injin wancan, kuma batiri ne ke cin kuɗi.